Sashe na 38, na 39 da na 45: inda dokar Najeriya ta tsayar da 'yancin baki da na addini

Duk ranar da aka kama wani matashi a Zariya saboda abin da ya rubuta a Facebook, ko aka hana wani malami hawa mumbari, ko aka kori ɗaliba daga aji saboda hijabi, magana biyu ake ji a majalisun unguwa. Wasu su ce ai dimokuraɗiyya ake yi, kowa na da bakin magana. Wasu su ce 'yanci ba hauka ba ne. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, amma alƙali ba da ɗayansu yake aiki ba. Abin da ke gabansa sassa uku ne na Kundin Tsarin Mulki na 1999: sashe na 38 da ya ba da 'yancin addini, na 39 da ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, da na 45 da ya ce ana iya taƙaita su. Mutane sun haddace biyun farko. Na ukun ne ake shari'a a kansa, kuma shi ne aka fi jahilta.

Waɗannan haƙƙoƙi sun girmi wannan jamhuriya. Hukumar Willink da Turawan mulki suka kafa don sauraron koken ƙananan ƙabilu ita ta ba da shawara a 1958 cewa a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa shigar da su cikin kundin samun 'yancin kai na 1960. Yau suna Babi na Huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46. Sashe na 1(3) kuma ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin, ta tarayya ce ko ta jiha, ta rushe gwargwadon karon da ta yi.

Sashe na 38 ya fi yadda ake ambatonsa faɗi. Ƙaramin sashe na ɗaya ya ba kowa 'yancin tunani da aƙida da addini, har da 'yancin canza addini, da bayyana shi da yaɗa shi ta ibada da koyarwa da aiki, shi kaɗai ko cikin jama'a, a fili ko a ɓoye. Kalmar yaɗawa tana da nauyi, domin ita ce kariyar mai wa'azin turmi a Tudun Wada, ita ce kuma kariyar mai bishara a Sabon Gari ko Wusasa. Na biyu ya shafi makaranta: ba a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko halartar bikin ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Na uku ya ba kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya. Idan aka haɗa su, Islamiyya ko makarantar mishan na da ikon koyar da nasu, amma makarantar gwamnati ba ta da ikon jera yaron Kirista a sahun salla ko ta zaunar da yaron Musulmi a taron addu'ar coci. Na huɗu ya cire ƙungiyoyin asiri daga wannan kariya, abin da ya kamata ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo su sani. Can gaba a farkon kundin kuma, sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati.

Canza addini, tunda kundin ya ambace shi ƙarara, babu majalisar jiha da za ta iya mai da shi laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Abin da ya biyo baya na aure da gado da riƙon 'ya'ya wani babi ne daban, yana ƙarƙashin dokokin iyali na Musulunci da kundin ya amince da su a sashe na 277.

Sashe na 39 ya ce kowa na da 'yancin riƙe ra'ayi da karɓar bayani da isar da shi ba tare da katsalandan ba, kuma yana iya kafa kafar yaɗa labarai. Jarida ko shafin intanet ba sa buƙatar izinin shugaban ƙasa. Rediyo da talabijin kuwa suna buƙata, shi ya sa lasisinsu ke bi ta Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin. Sashen da kansa ya yarda da dokokin da ke kare sirrin da aka ba mutum amana, da martabar kotu, da waɗanda ke taƙaita bakin ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan sanda. Don haka ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya ɗauki hoton takardar ofis ya watsa a WhatsApp ba a matsayi ɗaya yake da ɗan kasuwar da ya soki shugaban ƙaramar hukumar ba.

To, sai sashe na 45. Ƙaramin sashensa na ɗaya ya ce babu abin da ke cikin sassa na 37 zuwa 41 da zai rushe dokar da hankali zai karɓa a al'ummar dimokuraɗiyya, idan an yi ta don tsaron ƙasa, ko kare lafiyar jama'a da zaman lafiya da tarbiyya da kiwon lafiya, ko don kare haƙƙin wasu mutane. Jami'ai kan karanta wannan kamar an ba su wuƙa da nama. Ni a karatuna sharuɗɗa uku ne aka ɗora wa mai son taƙaita 'yanci, kuma kowannensu na iya kayar da shi. Dole a sami doka rubutacciya, domin doka sashen ya ambata, bai ambaci umarnin baka na DPO ko sanarwar kantoma ko ra'ayin shugaban makaranta ba. Dole manufar dokar ta kasance cikin waɗanda aka lissafa, kuma kare gwamna daga jin kunya ba ya cikinsu. Sannan dole matakin ya yi daidai da girman matsalar, wanda kuma ke auna wannan kotu ce. Sashe na 36(12) ya ƙara ƙulli: ba a hukunta kowa kan laifin da ba a fayyace shi da hukuncinsa cikin rubutacciyar doka ba. Tun 1961, a shari'ar Aoko da Fagbemi, kotu ta soke hukuncin da aka yi wa wata mata bisa laifin al'ada da ba a rubuta ba.

Kotunanmu sun sha yin wannan awo, kuma sakamakon ba gefe ɗaya yake faɗawa ba. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Inugu ta wanke Arthur Nwankwo, wanda aka yanke wa shekara ɗaya saboda littafin da ya soki Gwamna Jim Nwobodo na Anambra, ta ce dokar cin amanar gwamnati da baki da aka gada daga Turawa ba ta dace da tsarin mulki ba, mai mulkin da aka yi wa ƙarya ya je ya yi ƙarar ɓata suna kamar kowa. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP, wadda ta samo asali daga tarwatsa gangamin jam'iyyar a Kano a Satumbar 2003, ta ce neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa kundin. A ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar cikin bakwai, ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Duk waɗannan 'yanci ne ya yi nasara.

Akwai kuma inda iyakar ta yi nasara, kuma misalin da ya fi fito da ita fili daga asibiti yake. A 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta ce baligi mai hankali na iya ƙin ƙarin jini saboda aƙidarsa ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. A 2019, a shari'ar Esabunor, kotun ta ce iyaye ba za su hana a ƙara wa jaririnsu jini da hujjar addini ba, domin ran yaron haƙƙinsa ne. Addini ɗaya ne a shari'o'in biyu, Shaidun Jehobah. Abin da ya bambanta shi ne wanda zai ɗauki cutarwar. Da wannan ma'auni ne aka rufe masallatan Juma'a da coci-coci a Jihar Kaduna lokacin annobar korona a 2020, da hujjar kiwon lafiyar jama'a.

A aikace, abin da ya fi kai mutanen Zariya caji ofis shi ne ɓata suna. A Arewa ɓata suna hanya biyu gare shi. Wanda aka ɓata na iya zuwa Babbar Kotu ya nemi diyya, yana kuma iya kai ƙarar laifi a kotun majistare ƙarƙashin dokar Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa. A tsohuwar dokar ta 1960 sashe na 391 da 392 ne, hukuncin ya kai ɗaurin shekara biyu. Jihar Kaduna ta yi sabuwar dokarta a 2017, lambobin sassan sun canza, don haka kada a dogara da tsohon littafi wajen karanta takardar tuhuma. Kurakurai uku ne ke yawan kayar da mutane. Na farko zaton cewa “an ce” ko “kamar yadda na samu” na wanke mutum. Wanda ya tura saƙon ɓatanci zuwa zauren WhatsApp na mutum ɗari biyu ya wallafa shi ne, daidai da wanda ya rubuta. Na biyu rashin bambanta ra'ayi da zargi. Ka ce aikin titin unguwarku bai yi kyau ba kuma kansila ya gaza, ra'ayi ne kan aikin jama'a, doka na kare shi. Ka ce kansila ya saci miliyan goma, ka kafa zargi, kuma a kanka nauyin kawo hujja yake. Na uku zaton cewa gaskiya kaɗai ta isa. A ƙarar diyya gaskiya cikakkiyar kariya ce, amma a Final Kod sai an nuna kuma cewa faɗinta na da amfani ga jama'a. Tona asirin auren maƙwabci, ko da gaskiya ne, ba lallai ya samu wannan kariya ba.

Ina ganin ɗaure mutum saboda ɓata suna hanya ce da masu ƙarfi suka fi amfana da ita, domin talaka ba ya iya sa a ɗauko mai kuɗi a mota cikin dare. Amma dokar tana nan, kuma ana aiki da ita.

Ta biyu ita ce Dokar Laifukan Intanet ta 2015, sashe na 24. A asalin rubutunta ta haramta saƙon da ke da muni ƙwarai, ko na ƙarya da aka aika don ɓata rai ko cin mutunci ko sa damuwa, da hukuncin tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3 ko duka. Kalmomi ne masu faɗin da kowace suka za ta shige cikinsu, shi ya sa aka yi ta kama 'yan jarida da su. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa haƙƙin faɗin albarkacin baki a 2020, ta maimaita a 2022. A Fabrairun 2024 aka gyara shi. Yanzu ƙaramin sashe na ɗaya ya tsaya kan abu biyu: batsa, da saƙon da mai aikawa ya san ƙarya ne ya kuma aika don haddasa rushewar doka da oda ko barazana ga rai. Idan yau aka tuhumi mutum da wannan sashe saboda ya ɓata wa wani babba rai, abu na farko da lauya zai duba shi ne ko da tsohon rubutun aka tsara tuhumar. Na biyu hurumi: laifukan wannan doka na Babbar Kotun Tarayya ne, wadda ke da reshe a Kaduna. Kai mutum gaban majistare a kansu sau da yawa dabara ce ta samun umarnin tsarewa. Barazanar kisa ko sacewa ta waya kuwa tana ƙaramin sashe na biyu, hukuncinta ya fi tsanani ƙwarai, kuma babu sashe na 39 da zai ceci mai yin ta.

Maganar da ta fi zafi ita ce ɓatanci ga addini, kuma ba na son a bi ta da gaggawa. Musulmin da ya ji an taɓa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zafin da yake ji na gaske ne, haka Kiristan da aka wulaƙanta abin da yake girmamawa. Doka ba ta yi watsi da wannan ba. Sashe na 210 na tsohuwar Final Kod ya haramta cin mutuncin addini a bainar jama'a ta yadda zai iya kawo tashin hankali, da ɗaurin da ya kai shekara biyu, sassan da ke biye kuma sun haramta ɓata wurin ibada da hargitsa taron ibada. Dokar laifuka ta Kudu na da makamancinsa a sashe na 204. Wannan kariya ta kowane addini ce. Sannan jihohin da suka faɗaɗa Shari'ar Musulunci daga 1999 sun yi dokokinsu, waɗanda kan Musulmi suke aiki. A Kano aka yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa a Agustan 2020. A Janairun 2021 Babbar Kotun Kano ta soke hukuncin ta ce a sake shari'ar, saboda an yi ta ba shi da lauya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da sake shari'ar a 2022, maganar kuma ta wuce Kotun Ƙoli. A Afrilun 2025 Kotun ECOWAS ta ce sassan ɓatanci na dokokin Kano sun saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam. Muhawarar shari'a ce mai nauyi tsakanin sashe na 10 da na 38 da na 45, malaman doka a Kongo ma ba bakinsu ɗaya ba a kanta.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne wanda ke da ikon yanke hukunci. Taron jama'a da ya jefe mutum ko ya ƙone shi bisa zargi, kamar yadda aka yi wa wata ɗaliba a Sakkwato a Mayun 2022, kisan kai ya aikata a Final Kod, kuma fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukan Zariya bai ba wa kowa ikon zartar da haddi ba sai shugaba ta hannun alƙali, bayan shaidu da jin ta bakin wanda ake zargi. Wanda ya tsaya a lasifika ya ce a je a kama wane, ya fita daga wa'azi ya shiga tunzura jama'a, kuma idan aka yi kisa yana cikin waɗanda doka za ta nema.

Jihar Kaduna ta daɗe tana ƙoƙarin sa wa wa'azi linzami, kuma da dalili. Dokar soja ta 1984 ta zo ne bayan rikice-rikicen Maitatsine. A Maris na 1987 rikicin da ya tashi daga wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa, aka ƙona wuraren ibada masu yawa. A 2016 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta kai ƙudurin sabunta dokar, da sharaɗin lasisi ga masu wa'azi da taƙaita amfani da lasifika. Majalisar jiha ta zartar da shi a Yunin 2019, a watan nan kuma Babbar Kotun Kaduna, a ƙarar da ƙungiyar cocin Fentikostal ta shigar, ta ce tilasta lasisin ya saɓa wa tsarin mulki. A ganina abubuwa biyu ne aka cakuɗa a nan. Taƙaita ƙara da lokaci abu ne da sashe na 45 ke ɗauka cikin sauƙi. A ɗauki layi ɗaya a Sabon Gari, masallaci a wannan kusurwa, coci a waccan, kowanne ya ɗaura ƙaho huɗu a saman rufi, ɗaya na kwanan addu'a har asuba, ɗaya na sakin karatu tun ƙarfe uku, a tsakaninsu kuma akwai mai jego da tsoho mai hawan jini da yaro mai jarrabawa gobe. Wanda ya nemi a rage sauti bai taɓa addinin kowa ba, haƙƙinsa yake nema, akwai ma ƙa'idojin hana ƙara na tarayya na 2009 da hukumar kare muhalli ta jiha da zai kai kuka. Amma a ce sai wani kwamiti ya yarda da kai kafin ka buɗe baki ka yi wa'azi, wannan hana magana ne tun kafin a ji ta, kuma yana ba masu rinjaye a cikin addini damar toshe bakin marasa rinjaye. Wanda ya yi wa'azin tunzuri, dokar hukunta shi tana nan bayan ya yi.

Muzahara da tattaki da jerin gwanon Maulidi ko na Ista suna ƙarƙashin sashe na 40 da na 41 tare da na 38. Ba a buƙatar izini, amma hikima ce a rubuta wa 'yan sanda sanarwa da rana da hanya da sunan masu shiryawa, a karɓi kwafi mai hatimi, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora musu ba da tsaro ga taron da aka sanar da su. Hanya kuwa ta kowa ce, mai tafiya asibitin Shika da mara lafiya yana da nasa haƙƙin wucewa. Zariya ta ga mafi munin abin da wannan saɓani ke haifarwa a Disambar 2015, lokacin da tare hanyar ayarin Babban Hafsan Sojan Ƙasa ya kai ga farmakin soja kan mabiya Sheikh Ibrahim El-Zakzaky. Hukumar binciken shari'a da gwamnatin jiha ta kafa ta ji shaidar cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya, ta kuma ce sojoji sun yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima. A Disambar 2016 Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin a saki malamin da matarsa a biya su naira miliyan 50, ba a bi umarnin ba, sai a Yulin 2021 da Babbar Kotun Kaduna ta sallame su. Tare hanya laifi ne mai hukuncinsa a doka, kuma hukuncin nan ba kisa ba ne. Ko mutum na tare da aƙidarsu ko yana gaba da ita, sharaɗin daidaito tsakanin laifi da mataki shi ne aka take a wannan rana.

Idan aka kama mutum kan magana, awannin farko ne ke gyara shari'ar ko su lalata ta. Yadda abin ke faruwa sananne ne: an karɓe waya a kanta, an tura shi bayan kanta, ɗan sanda mai bincike ya miƙo takarda da biro ya ce rubuta abin da ya faru ka tafi gida. Yawancin mutane a nan suke rubuta “na yi kuskure, a yafe mini”, wannan layi kuma shi za a karanta a kotu a matsayin amsa laifi. Sashe na 35(2) ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. Sashe na 35(3) ya ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi cikin kilomita 40, in babu kwana biyu, kuma a Zariya kotuna na kusa. Banda wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, wannan lissafi bai shafe shi ba. Kama uba ko mata a madadin wanda ake nema haramun ne a Dokar 'Yan Sanda ta 2020. Beli a caji ofis kyauta ne a doka. Kada wanda ba ya karatun Turanci ya sa hannu ko ya dangwala kan abin da ba a fassara masa ba. 'Yan uwa kuma su rubuta ranar kamu da lokaci da sunan ofishin, su adana cikakken rubutun da ake magana a kansa tare da abin da ya gabace shi, domin sau da yawa yankakken hoton allon waya ake kai wa 'yan sanda. Goge rubutun bayan an kama mutum ba ya taimako, mai ƙara ya riga ya ɗauka, kai kuma ka rasa mahallin maganar. A kotu, hujjar da aka ciro daga waya ko kwamfuta sai ta cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, ciki har da takardar shaidar na'urar da aka ciro ta, kuma masu gabatar da ƙara na yawan tuntuɓe a nan.

Wanda aka tauye wa haƙƙi kuma yana da hanyar kai ƙara da kansa. Sashe na 46 ya ce duk wanda aka take wa haƙƙi, ko ake takewa, ko ake shirin takewa, ya je Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Wato ba sai an kama ka ba, barazanar kamu ma ta isa. Ƙa'idojin da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar a 2009 sun sauƙaƙa hanyar: ba a neman izinin kotu kafin shigarwa, babu wa'adin da ƙara ke mutuwa, kuma ɗan uwa ko ƙungiya na iya shigarwa a madadin wanda ke tsare. Takardu huɗu ake haɗawa: takardar buƙata, bayanin mai ƙara da abin da yake nema da dalilansa, takardar rantsuwa mai ɗauke da abin da ya faru, da rubutaccen jawabin lauya. Wanda ake ƙara na da kwana 5 ya mayar da martani. Galibi ba a kiran shaidu, da takardar rantsuwar ake yanke hukunci, shi ya sa rantsuwar da ba ta da rana da wuri da sunan ofishi, sai “sun zalunce ni” kawai, ke faɗuwa. Wani abin da ke kashe irin wannan ƙara shi ne idan ainihin rigimar ta kora daga aiki ce ko limanci ko fili, aka lulluɓe ta da rigar haƙƙin ɗan Adam. Kotu za ta kore ta ta ce a bi hanyar da ta dace. Yana da kyau a haɗa da sashe na 8 da na 9 na Yarjejeniyar Afirka, wadda ta zama dokar Najeriya tun 1983.

Sashe na 35(6) ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Samun hukuncin ya fi karɓar kuɗin sauƙi, domin cire kuɗi daga asusun hukuma na bi ta sashe na 84 na dokar zartar da hukunci, wanda ke neman amincewar Antoni Janar, kuma a nan diyya da yawa ke maƙalewa shekaru. Duk da haka umarnin sakin mutum ko na hana sake kama shi yakan yi aiki nan take. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Kaduna, ko asibitin shari'a, wato ofishin ba da shawarar doka, na Tsangayar Koyon Aikin Lauya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, ya tafi da kwafin rubutun da ake tuhuma a kansa, da takardar gayyatar 'yan sanda idan akwai, da jerin ranakun abin da ya faru.